KOYA WA 'YAN MATAN KARKARA FASAHAR ZAMANI: DARASI DAGA ƘASAR JOS

Gabatarwa

Tun daga shekarar 2015, duk ɗalibin da ke neman shiga jami'a ko kwaleji a Nijeriya da kwamfuta yake ɗaukar jarrabawar hukumar JAMB. An daina raba takarda da fensir. Ɗalibai sukan shiga zaure su tarar da na'urori a jere, kowa ya zauna gaban tasa, agogo kuwa ya shiga gudu.

To, mai karatu, ɗauki misalin 'yan mata biyu da suka zo wannan zaure rana ɗaya. Ta farko daga unguwar Jos Jarawa take, a cikin garin Jos, ta saba shiga shagon kwamfuta tun tana ƙarama. Ta biyu daga wani ƙauye take a gindin duwatsun Shere, cikin ƙaramar hukumar Jos ta Gabas. Littattafan da suka karanta iri ɗaya ne, hazaƙarsu kuma ɗaya. Amma ta biyun ba ta taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba sai wannan rana. Yayin da 'yar'uwarta ta yi nisa da amsa tambayoyi, ita tana nan tana neman inda za ta danna, hannu yana rawa. In ta faɗi, sai a ce a gida ba ta da ƙoƙari, a fara maganar aurar da ita. Alhali kuwa abin da ya kayar da ita abu ne da za a iya koya mata cikin makonni kaɗan.

Wannan darasi an shirya shi ne domin iyaye maza da mata, da malaman makaranta, da masu unguwanni da dagatai, da shugabannin addini, da ƙungiyoyin mata. Za mu duba abin da ake nufi da fasahar zamani, da dalilin da ya sa aka bar 'yar ƙauye a baya, da abin da aka gwada a dā, sa'an nan da yadda jama'ar ƙauye za su kafa aji da abin da ke hannunsu.

1. Me Ake Nufi Da Fasahar Zamani?

Da yawa daga cikinmu in an ce fasahar zamani sai tunaninsu ya tafi ga manyan injuna da ke ƙasashen waje. Abin ya fi haka kusa da mu. Wayar hannu da ke aljihun manomi, da farantin sola da ke kan rufin asibitin ƙauye, da na'urar POS da ake cirar kuɗi da ita a kasuwa, da injin ban ruwa na lambu, duka fasahar zamani ne.

Saninta hawa uku ne. Hawa na farko shi ne iya amfani da na'ura: kunnawa, rubutu, lissafi, aika saƙo, neman bayani. Na biyu shi ne iya kula da ita da gyara ta in ta lalace. Na uku shi ne iya ƙirƙirar sabon abu da ita, kamar rubuta manhaja ko tsara wutar sola ta gida sukutum. Ba kowa ne zai kai hawa na uku ba, kamar yadda ba duk wanda ya iya karatu ne yake zama marubuci ba. Amma hawa na farko ya zama tilas ga kowane ɗan ƙasa, namiji da mace, tamkar yadda karatu da rubutu suka zama tilas a zamanin yaƙi da jahilci.

2. Mata Da Sana'ar Hannu Ba Baƙin Juna Ba Ne

Akwai masu cewa taɓa inji aikin maza ne. Tarihin ƙasar Jos bai yarda da wannan magana ba.

Kuza ce ta gina Jos da Bukur da Barikin Ladi. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dirar wa wannan ƙasa domin haƙar ta. Saboda ita aka jawo reluwe daga Zariya a 1914, aka kuma kafa kamfanin lantarki na NESCO a 1929, wanda ya riƙa samar da wuta daga ruwan Kurra. A filayen haƙar nan mata da 'yan mata sun yi aiki mai nauyi. Su ne suka yi dakon ƙasa a kwanon sarki, suka kuma iya wanke ta har baƙin yashin kuza ya rabu da tsakuwa, aikin da ke bukatar ido da gwanintar hannu. Kasuwar kuza ta duniya ta faɗi a 1985, manyan kamfanoni suka watse, suka bar kududdufai waɗanda a yau ake noman rani da ruwansu.

Abin lura a nan shi ne, babban aikin da duniya take yi da kuza yanzu shi ne haɗa dalmar da ake liƙe sassan waya da kwamfuta da ita. Watau irin ƙarfen da kakanni mata suka ɗauka a ka, shi ne ke cikin wayar da jikokinsu suke gani a hannun maza. Ashe ba daidai ba ne a ce jikar ba ta da ikon buɗe wayar nan ta san abin da ke cikinta.

Ga wani misali da kowa ke ɗauke da shi a aljihu. A bayan takardar Naira 20 akwai hoton Ladi Kwali, 'yar ƙauyen Kwali a ƙasar Gwari. A gida ta koyi ginin tukwane irin na gargajiya, ba ta yi karatun boko ba. A 1954 ta shiga makarantar koyon ginin tukwane da Baturen nan Michael Cardew ya shugabanta a garin Abuja na dā, wanda ake kira Suleja yanzu. Ita ce mace ta farko da aka ɗauka. Ta koyi aiki da keken juya yumɓu, da tanderu mai tsananin zafi, da shafe mai ƙyalli, ta haɗa su da zanen da ta gada. Ta je Ingila da Amurka ta nuna gwanintarta, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuma ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Ta rasu a 1984. Da an ce mata wannan keke na maza ne, da ƙasa ta yi hasarar da ba wanda zai ma san an yi ta.

3. Me Ya Sa Aka Bar 'Yar Ƙauye A Baya?

Wayar salula ta shigo Nijeriya gadan-gadan a 2001, yanzu kuwa da wuya a sami ƙauyen da ba ta kai ba. Duk da haka 'yar ƙauye ta fi kowa nisa da ita. Dalilai huɗu ne manya.

Na farko, mallaka. In waya ɗaya ce a gida, a hannun maigida take. In ta tsufa, ɗa namiji ake miƙa wa. Yarinya sai dai a ba ta ta amsa gaisuwa ta mayar.

Na biyu, lokaci. Yaro in ya taso daga makaranta yakan sami sarari ya zauna a shagon mai cajin waya ko mai gyara, ya kalla, ya tambaya, ya taɓa. Yarinya kuwa ɗiban ruwa da itace da reno da talla suna jiranta, kuma zaman shago ba a yarda mata da shi ba.

Na uku, tsarin aji. A makarantar da ake da kwamfuta biyar ga ɗalibai sittin, in an buɗe ƙofa maza ne ke rugawa su kama kujeru, mata su tsaya a baya suna leƙe ta kafaɗa. Malami zai rubuta cewa duk aji ya yi darasi, alhali rabin ajin kallo kawai ya yi.

Na huɗu, tsoron iyaye, cewa waya za ta ɓata tarbiyya. Wannan tsoro yana da tushe, za mu kuma yi magana a kansa a gaba.

Hasarar da wannan ke jawowa a fili take. A farkon 2023, lokacin da aka sauya fasalin wasu takardun Naira tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, mata da yawa masu sayar da tumatir da dankali da kabeji sun ga kayansu suna lalacewa, domin mai saye yana da kuɗi a banki, su kuwa ba su da asusu, ko kuma ba su san yadda za su tabbatar kuɗi sun shigo ba. Wasu suka ba da lambar asusun wani, suka dogara ga amanarsa. Haka nan rajistar katin ɗan ƙasa, da neman gurbin karatu, da neman aikin gwamnati, yawancinsu ta intanet ake yi yanzu. Macen da ba ta iya ba, kullum sai ta biya wani ya yi mata, ta kuma damƙa masa sirrinta.

4. Abin Da Aka Gwada A Dā

Kafin jama'a su tara kuɗi su sayi na'ura, ya kamata su san abin da ya faru ga waɗanda suka riga su.

Darasin akwatuna. A 1982 aka fara aiki da tsarin ilmi na 6-3-3-4, wanda ya sa koyon fasaha cikin darussan ƙaramar sakandare. Niyyar kyakkyawa ce. Gwamnati ta sayo injunan sassaƙa da na ƙira da na lantarki daga ƙasashen Turai, aka rarraba wa makarantu. Amma a wurare da yawa, musamman a karkara, babu wutar da za ta tayar da su, babu ɗakin da za a girka su, babu kuma malamin da ya san kansu. Injuna da dama sun shekara da shekaru a cikin akwatunansu har suka yi tsatsa. Abin da muka koya shi ne, a fara tanadin malami da wuta da ɗaki, na'ura ta zo daga baya.

Darasin rumbu. A ƙarshen shekarun 1990 wani malami daga Jami'ar Iowa ta Amurka, mai suna Cliff Missen, ya zo koyarwa a Jami'ar Jos. Ya tarar intanet tana da tsada ƙwarai, ga jinkiri, ga yawan yankewa. Daga wannan wahala ce aka sami dabarar kwafo littattafai da mujallu da shafukan ilmi masu ɗimbin yawa, da izinin masu su, a zuba su cikin ma'ajiya guda, a ajiye ta a cikin makaranta. Kowace kwamfuta da ke wurin sai ta ɗiba daga wannan ma'ajiya ba tare da ta taɓa intanet ba. Aka sa wa abin suna eGranary, ma'anarsa rumbu na lantarki, ya kuma bazu zuwa makarantu da asibitoci masu yawa a Afirka da Asiya. Kowane manomi ya fahimci wannan hikima: ba kullum ake zuwa gona ba, amma kullum ana buɗe rumbu. Saboda haka rashin sabis a ƙauye bai isa ya hana buɗe aji ba. A yau akwai manhajoji na kyauta, irin su Kiwix, da ke ba da damar ajiye kundin Wikipedia, har da na Hausa, a karanta shi ba tare da data ba.

Darasin Kafancan. A kudancin Jihar Kaduna, maƙwabciyar Filato, gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta fara ne da bai wa matan karkara ƙananan rance. Daga baya ta buɗe ajin kwamfuta, ta yi amfani da tsofaffin na'urori da aka gyara, ta nemi hanyar sola saboda rashin wuta, har ta kai ga kafa hanyar intanet marar igiya a yankin. Abin koyi a nan shi ne, an jingina koyon na'ura ga sana'ar da matan suke yi, don haka suka ga amfaninsa.

Darasin Indiya. A ƙauyen Tilonia akwai makarantar Barefoot, wadda aka kafa a 1972. Takan ɗauko matan karkara daga ƙasashe daban-daban, har da na Afirka, waɗanda da yawansu ba su iya karatu ba, ta koya musu haɗa wutar sola da gyara ta cikin wata shida, ta hanyar launuka da alamu da aikin hannu. Ta fi zaɓen mata manya ne domin ta lura cewa saurayi in ya sami sana'a birni yake nufa, mace kuwa takan koma ƙauyenta da abin da ta koyo.

Wannan dabara ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A ƙarni na 19 Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru. Takan koyar da zaɓaɓɓun mata da ake kira jaji, su kuma su koma garuruwansu su koyar da 'yan'uwansu mata. Mace guda da aka koyar sosai takan isar wa ƙauye.

5. Yadda Za A Kafa Aji A Ƙauye

Abubuwa biyar ake bukata, kuma a bi su a jere kamar yadda aka kawo su.

Malama. A nemi mace daga cikin gari ko kusa da shi: malamar firamare, ko ma'aikaciyar asibiti, ko yarinyar da ta gama sakandare tana zaune a gida. A tura ta ta sami horo, a kuma yanka mata ɗan alawus na wata-wata, komai ƙanƙantarsa. Iyaye sun fi sakin jiki in mace ce ke koyarwa, 'yan mata kuma sun fi yin tambaya ba kunya. In ba a sami mace ba, namiji mai mutunci ya koyar, amma a sa dattijuwa ta riƙa zama a ajin.

Wuri. Aji ɗaya na makarantar firamare ya isa, ko ɗakin taron gari, muddin yana da ƙofa mai kulle da rufin da ba ya yoyo. Ya kasance a tsakiyar jama'a, inda kowane uba zai iya leƙawa.

Wuta. Ga lissafi mai sauƙi. Kwamfutar cinya takan ci wajen wat 50. In guda biyar ne, za a yi aiki da su awa uku a rana, abin da za su ci shi ne 5 sau 50 sau 3, watau 750. Farantin sola mai wat 300, in ya sami rana mai kyau ta awa biyar, zai ba da wajen 1,500 a lissafi, ko da yake wani kashi yakan salwanta a batir da wayoyi. Ke nan faranti ɗaya da batir mai kyau za su riƙe ƙaramin aji. A riƙa share farantin lokacin hunturu, domin ƙura tana rage ƙarfinsa. A ƙasar tudu kamar Filato, inda tsawa take da yawa da damina, lalle ne a sa gwani ya kafa ƙarfen da ke kai tsawa ƙasa.

Na'ura. Kada a jira sai an sami sababbi ashirin. Tsofaffi biyar masu lafiya sun isa farawa, haɗe da wayoyin hannu biyu ko uku. A rufe su da ƙyalle bayan aiki. A ware kuɗin gyara tun ranar da aka saya, domin na'urar da ba a tanadi kuɗin gyaranta ba ranar lalacewarta ce ranar mutuwarta.

Lokaci. A zauna da iyaye mata a tsai da sa'o'in da ba su ci karo da aikin gida da ranar kasuwa ba. A sassauta lokacin shuka da girbi. A ware wa 'yan mata ranakunsu daban, kuma kada a haɗa fiye da biyu a kan na'ura ɗaya. Dokar ajin ita ce: hannun ɗaliba ne zai taɓa na'ura, malama ta faɗa da baki kawai.

6. Abin Da Za A Koyar, Mataki Mataki

Mataki na ɗaya, sabo. Kunnawa da kashewa, riƙe linzami, sanin inda haruffa suke a madannai. Kowace ɗaliba ta rubuta sunanta da na ƙauyenta, ta rubuta wasiƙa da Hausa ko da harshen gidansu, ko Izere ne, ko Birom, ko Angas, ko Fulatanci. Wanda ya fara da harshen da ya sani ba ya jin tsoron na'ura. Turanci zai biyo baya.

Mataki na biyu, lissafin sana'a. A ɗauki aikin da ake yi a garin. In ƙasar dankalin Turawa ce kamar Bokkos da Mangu, ɗaliba ta buɗe jadawali ta shigar da kuɗin iri da taki da magani da ƙwadago da mota, ta shigar da yawan buhunan da aka samu, na'ura ta fitar mata da abin da kowane buhu ya ci. Ranar da yarinya ta nuna wa mahaifinta cewa farashin da dillali ya taya bai kai kuɗin da aka kashe ba, ranar ce gardama a kan amfanin ajin za ta ƙare a gidan. Gani ya kori ji.

Mataki na uku, waya da kuɗi. Yadda ake duba asusu, da turawa da karɓa, da tabbatar da shigar kuɗi daga banki kafin a saki kaya, da tambayar farashi a kasuwar Farin Gada kafin a ɗora kaya a mota.

Mataki na huɗu, jarrabawa da takardu. Gwajin amsa tambayoyi a kwamfuta da agogo, cike fom, buɗe adireshin imel, ajiye kwafin takardun shaida.

Mataki na biyar, gyara. Waɗanda suka nuna sha'awa a koya musu buɗe waya, canja batir da gilashi da bakin caji, liƙi da dalma, haɗa faranti da batir. Mata da yawa ba sa son miƙa wayarsu ga namiji baƙo saboda hotuna da saƙonnin da ke ciki. Saboda haka yarinyar da ta iya gyara tana da kasuwa tun kafin ta buɗe shago.

Mataki na shida, ƙirƙira. Masu hazaƙa ta musamman a fara nuna musu yadda ake rubuta manhaja, sa'an nan a nema musu hanyar ci gaba a birni.

7. Amsa Ga Tsoron Iyaye

Uba yakan ce, "In ta san waya za ta lalace." Gaskiya ne akwai miyagun abubuwa a intanet, akwai 'yan damfara, akwai masu yaudarar 'yan mata. Amma a tuna, waya za ta iso hannun yarinyar nan ko ba jima ko ba daɗe, in ba a gidan uba ba, a gidan miji. Wadda aka koya wa a gaban malama ta fi wadda ta koya a ɓoye tsira. Rigakafi ya fi magani. Don haka kowane aji ya karantar da waɗannan ƙa'idodi har a haddace su:

Kada ki faɗa wa kowa lambar sirrinki ta banki, ko lambar BVN, ko lambar da aka turo miki ta saƙo, ko da ya ce daga banki yake. Banki ba ya tambayar lambar sirri ta waya.

Kada ki aika hotonki ga wanda ba ki sani ba, kada kuma ki aika wa kowa hoton da ba za ki so mahaifiyarki ta gani ba.

Duk wanda ya ce kin ci kyauta amma sai kin fara biya, ɓarawo ne.

Kada ki tura labarin da ba ki tabbatar ba. Jihar Filato ta ɗanɗana ɗacin rikici, kowa kuma ya san yadda jita-jita take hura wuta.

In wani ya tsorata ki ko ya yi miki barazana ta waya, ki faɗa wa iyayenki ko malamarki nan da nan. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta tanadi hukunci a kan irin wannan.

Wani uban kuma yakan ce, "Ai aure za ta yi, gidan wani za ta kai." To, gidan naka ma 'yar wani ce za ta shigo shi. In kowa ya koyar da tasa, kowa ya samu. Kuma sana'o'in nan da yawa ana yin su daga cikin gida, ba su hana aure ko reno.

8. Abin Da Hukuma Ta Tanada

A 2020 Gwamnatin Tarayya ta sami rancen dala miliyan 500 daga Bankin Duniya domin shirin AGILE, wanda aka tsara don 'yan mata masu shekarun sakandare, a ƙarƙashin Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya. Jihohi bakwai aka fara da su: Borno, Ekiti, Kaduna, Kano, Katsina, Kebbi da Filato. Cikin ayyukansa akwai gina ajujuwa da gyara su, da tallafa wa iyaye marasa ƙarfi, da koyar da kwamfuta. A 2023 aka ƙara dala miliyan 700 domin shigo da wasu jihohi. Tun da rance ne da 'yan ƙasa za su biya, haƙƙin kowane uba ne ya tambayi shugaban makaranta abin da ya iso, ya kuma ga ana aiki da shi.

Hukumar NITDA, wadda aka kafa a 2001, ita ke kula da bunƙasa fasahar sadarwa a ƙasa. Dokar sadarwa ta 2003 kuma ta kafa asusun USPF domin kai sadarwa yankunan da kamfanoni ba su kai ba, asusun ya kuma sanya kwamfutoci a makarantu da dama. A 2023 aka ƙaddamar da shirin 3MTT da nufin horar da mutum miliyan uku.

Ga yarinyar Filato da ta gama matakan ƙauye, hanya ba ta da nisa. Ga Jami'ar Jos, wadda ta tsaya da ƙafarta a 1975. Ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha a Barikin Ladi. Asusun horas da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971, hedkwatarsa a Jos take. Ga kuma cibiyar nHub da matasa suka buɗe a Jos a 2015 domin koyar da rubuta manhaja. A Kano ƙungiyar CITAD ta daɗe tana koyar da mata da 'yan mata kwamfuta. Sai dai duk waɗannan ƙofofi a birni suke, kuma ba mai shiga sai wanda ya riga ya iya hawa na farko. Wannan hawa kuwa a ƙauye za a gina shi.

9. Aikin Kowa

Uba ya ba 'yarsa izni da lokaci. Uwa ta raba aikin gida tsakanin 'ya'ya maza da mata a ranakun aji. Dagaci da mai unguwa su ba da ɗaki, su sa ido a kan tsaronsa. Liman da fasto su faɗakar da mabiyansu. Shugaban makaranta da ke da kwamfutoci a kulle don tsoron kada su lalace ya sani cewa ajiya ma tana lalata su. 'Yan asalin gari da ke aiki a birni su tuna da ƙauyensu sa'ad da ofisoshinsu za su canja na'urori. Ƙungiyoyin mata su sa kuɗin gyara cikin adashinsu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kowace shekara, ranar Alhamis ta huɗu a watan Afrilu, hukumar sadarwa ta Majalisar Ɗinkin Duniya takan yi bikin ranar 'yan mata da fasahar sadarwa. Kowane ƙauye da ya kafa aji yana iya mai da wannan rana ranar baje koli, a tara iyaye a dandali, ɗalibai su nuna abin da suka iya: wannan ta buga wasiƙa, waccan ta fitar da lissafin gona, wata ta kunna fitila da farantin da ta haɗa da hannunta. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Allah Ya ba mu ikon sauke wannan nauyi.

Tambayoyi Domin Tattaunawa

1. A gidanku wayoyi nawa ne, kuma a hannun wa suke? Yaushe 'ya mace ta taɓa amfani da ɗaya don koyon wani abu?

2. Me ya hana injunan da aka raba wa makarantu bayan 1982 yin aiki a wurare da yawa? Me za ku yi don kada haka ta faru a garinku?

3. Yaya za a yi karatu da kwamfuta a ƙauyen da babu sabis?

4. In kuna da kwamfutar cinya huɗu, za ku yi aiki da su awa biyu a rana, wuta nawa kuke bukata?

5. Wace mace ce a garinku za ta iya zama malamar aji, kuma wa zai ɗauki nauyin horonta?

6. Kawo ƙa'idodi uku da za su kare yarinya daga 'yan damfara.